Tace bas daga tsohon faifai gwaninta ce, amma a faɗi mai kayan

Duk lokacin da zancen kiɗan rap ya taso a tsakanin malamai ƴan uwana, ba a daɗewa wani zai yanke hukunci cewa masu haɗa kiɗan nan ɓarayi ne kawai: su ɗauko tsohuwar waƙar wani, su yanki gefe guda, su ɗora surutu a kai, su ce sun yi waƙa. Samarin da ke kwana gaban kwamfuta a ƴan ɗakunan sitidiyo na Yamai da Maraɗi da Damagaram su ma suna da nasu hukuncin. A wurinsu yanko kiɗa daga faifai aikin tsofaffi ne, tunda FL Studio ta zo da komai a dafe, kai dai ka zuba ka ci. Ina da ja da ɓangarorin biyu. Zan kafa hujjata a kan wata ƴar dabara guda wadda ta ba rap ɗin birnin New York kamanninsa a farkon shekarun 1990, wato tace bas daga cikin guntun kiɗan da aka yanko, wanda masu sana'ar ke kira samfur.

Bari in fara da abin da ake nufi, don ba kowane mai karanta wannan shafi ne ya taɓa leƙa sitidiyo ba. Kowane sauti girgizar iska ne, kuma ana ƙirga sau nawa iskar ta girgiza a cikin sakan ɗaya, a rubuta adadin da alamar Hz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga 20 zuwa 20,000. Namu na ƴan arba'in da ɗoriya ya riga ya zubar da wani kaso na saman, shi ya sa ɗalibai ke jin wani tsiririn ƙara a aji, malam bai ji komai ba. Jitar bas mai tsarkiya huɗu tana can ƙasa: mafi kaurin tsarkiyarta tana girgiza sau 41, mafi siririyar sau 98. Ƙaho da fiyano da muryar mawaƙi suna tsakiya, ƙarar farantan ƙarfe na mai ganga tana can sama. A cikin faifai duk sun cakuɗe, kamar gero da aka daka ba a tankaɗe ba. Matatar sauti rariya ce. Ka gaya mata iyaka, a ce 200 Hz, sai ta bar abin da ke ƙasa da iyakar ya wuce, ta danne abin da ke sama. Mai tankaɗe gari take nema, tsaki na kaji ne. Mai tace bas kuwa tsakin yake ajiyewa. Idan ya gama, ƙahon ya tafi, muryar ta tafi, sai tafiyar bas ɗin ta rage tana gunji kamar kiɗan biki da kake jiyowa daga bayan katangar maƙwabta.

Talauci ne ya haifi dabarar. A shekarar 1987 kamfanin E-mu ya fitar da wata na'ura mai suna SP-1200, wadda ta zama kayan aikin masu haɗa kiɗan rap na New York. Duk abin da cikinta ke iya riƙewa sakan goma ne na sauti, su ma an raba su gida huɗu, ba guntun da zai wuce sakan biyu da rabi. Ga lissafi irin na aji shida: kiɗan da ke tafiya bugu 90 a minti, zagayensa guda mai bugu huɗu yana cin sakan 2.67. Ke nan ko zagaye ɗaya cikakke ba ya shiga. Sai samarin suka riƙa ɗora faifan da aka yi don juyi 33 a minti a kan juyi 45, kiɗan ya yi sauri ya shige cikin ɗan wurin, sannan su sassauta shi a cikin na'urar ya koma tafiyarsa. Wannan ja da sassautawa yana ƙara wa sautin wani kaushi, kuma daga baya kaushin ya zama abin da ake nema da kuɗi. Yawancinsu ba su da makaɗin bas, ba su da kuɗin hayar ɗaya. Abin da suke da shi tarin fayafayan garmaho ne na jaz da sol da fonk da iyayensu suka saya. To idan kana da guntu ɗaya kawai, kana kuma son waƙa mai baiti da amshi, yaya za ka yi? Sai ka yi amfani da guntun sau biyu. A wurin amshi ka sake shi gaba ɗaya da ƙahonsa da komai. A wurin baiti ka zura shi cikin rariya, ka bar bas da ganga. Na'urar Akai S950, wadda ta fito a 1988, ta yi suna musamman saboda daɗin matatarta, kuma da yawa sukan haɗa ta da SP-1200 su yi aiki da biyun.

Wanda yake son jin abin da kunnensa ya nemi waƙar “They Reminisce Over You” ta Pete Rock da C.L. Smooth, ta shekarar 1992. Waƙar ta'aziyya ce ga abokinsu Troy Dixon, ɗan rawa a ƙungiyar Heavy D, wanda ya rasu a 1990. Pete Rock, ɗan garin Mount Vernon da ke gefen New York, ya samo kayansa daga wani faifai na Tom Scott mai busa saksofon, a waƙar “Today” ta ƙarshen shekarun 1960. Ka saurari baitukan: bas ɗin na tafiya a hankali, a lulluɓe, ya bar wa mai magana fili yana ba da labarin danginsa. Da an zo amshi sai saksofon ɗin ya faso kamar an buɗe taga. A Brooklyn kuma wasu wa da ƙane, Mr. Walt da Evil Dee, waɗanda ake kira Da Beatminerz, sun kai dabarar wani wuri mai duhu a faifan “Enta da Stage” na ƙungiyar Black Moon a 1993. Nasu bas ɗin ba ya lallashi, nauyi yake sauke maka a ƙirji. Large Professor na Queens da Q-Tip na A Tribe Called Quest su ma gwanayen wannan aiki ne. Mu a nan, yawancinmu ta hannun ƴan rap ɗin Faransa da na Senegal muka fara jin irin wannan sauti a kaset, kafin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia da Wass-Wong su sa rap ya yi magana da harsunan gida.

Yanzu ga amsata ga malamai ƴan uwana. Wanda ya ce wannan ba aiki ba ne, ya gwada. Kafin ka taɓa wata na'ura sai ka zauna ka saurari faifai daga farko har ƙarshe, kana tsallake abin da kowa ke ji, kana bin abin da ke ƙarƙashi. Mawaƙi na rera abinsa, kai kuma hankalinka na wurin wani bawan Allah da ke tsaye a baya da jitarsa, wanda ko hotonsa babu a bangon faifan. Cikin minti biyar na waƙa wataƙila sakan uku ne kawai bas ɗin ya yi wata tafiya da za ta iya maimaituwa sau ɗari ba ta gundura ba, kuma a daidai wurin mai ganga bai taka ta ba. Domin babbar gangar ƙafa ita ma a ƙasa take zaune, rariya ba za ta raba ta da bas ba. Idan tana cikin guntun, za ta yi karo da gangar da kai za ka ɗora. Muryar namiji ma gindinta yana tsakanin 85 da 180 Hz, saboda haka idan mawaƙin namiji ne mai kakkaurar murya, gurnaninsa zai biyo ka. Bayan ka samo wurin, sai shawarar inda za ka kafa iyaka. Ka yi ƙasa da yawa, bas ya zama laka, ba a gane hawa ko sauka. Ka yi sama da yawa, ƙahon ya leƙo ya cika wurin. Babu wani adadi da ke aiki a kan kowane faifai, kunne ne alƙali. A makarantar horon malamai an koya mana cewa malamin ƙauye ba ya jiran kayan koyarwa daga Yamai, da marafan kwalba da karan dawa yake koyar da lissafi, kuma ba wanda ya taɓa cewa marafan ne suka yi darasin. Ban ga dalilin da zai sa mu yaba wa wannan, mu raina wancan ba.

Samari kuma, ku ba ni kunnenku. Bas ɗin da kuke kira 808 asalinsa gangar wata na'ura ce ta kamfanin Roland da ta fito a 1980, aka ja wutsiyarta ta yi tsawo. Ba ni da faɗa da shi, yana girgiza ɗaki yadda ya kamata. Amma ina sauraron waƙoƙin da ɗalibaina ke turo mini, kuma sau da yawa 808 ɗin yana gabas, sauran kiɗan yana yamma. An danna shi ne a kan allon kwamfuta ba tare da an daidaita muryarsa da ta fiyano ba, kuma saboda yana can ƙasa sosai mai haɗawar bai ji saɓanin ba, sai dai mai sauraro ya ji waƙar ba ta zauna masa ba, ya rasa dalili. Bas ɗin da aka tace daga samfur ba ya samun wannan matsala da uwarsa, domin tare aka haife su a ɗaki ɗaya, a rana ɗaya. Sannan hannun mutum ne ya kaɗa shi. Yakan ɗan makara, yakan ɗan riga, yakan ja tsarkiya ya zame daga wannan murya zuwa waccan. Abin da ke sa kai ya riƙa gyaɗawa ke nan. Layukan da kwamfuta ke jera maka sauti a kansu daidai suke kamar sahun sojoji, kuma ba a rawa a fareti.

Na san za a ce mini zamani ya wuce rariya. Tun 2019, lokacin da kamfanin Deezer ya saki manhajar Spleeter kyauta, kowa na iya jefa waƙa a kwamfuta ta raba masa murya daban, ganga daban, bas daban. Yana da amfani, musamman ga mai koyo da ke son jin abin da makaɗin bas ya yi tsirara. Sai dai a kunnena tsabtar ce aibinsa. Rariya ba ta yanka kamar wuƙa, a hankali take dannewa, shi ya sa kullum akan sami saura: inuwar fiyano, numfashin ƙaho, ɗan ƙarar allura a kan faifai. Wannan saura shi ne romon. Shi ke gaya wa kunne cewa akwai wani ɗaki, akwai mutane a cikinsa, kuma idan amshi ya zo aka ɗage rariyar, mai sauraro yakan ji kamar abin da ya daɗe yana zato ne ya bayyana.

Akwai wani dalili da ya fi shafar mai rap da Hausa. Harshenmu da karin sauti yake rarrabe ma'ana. Kuka na mai hawaye da kuka ta miya harufansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Kunne yana bin wannan hawa da sauka ne a tsakiyar sauti, a daidai unguwar da fiyano da jita da ƙaho ke zaune, baƙaƙen harufa kuma suna fitowa fili a wajejen 2,000 zuwa 4,000 Hz. Yawancin waƙoƙin samarinmu a cike suke maƙil a wannan unguwa: fiyano biyu, sarewar kwamfuta, wata murya da aka matse tana kuka a baya, sannan a tura mai rap ya nemi wurin tsayawa. Sai ka ga yaro ya yi wata guda yana tsara baiti a kan tsadar hatsi ko zaman kashe wando, ba wanda ya ji rabin abin da ya faɗa. Baitin da aka gina a kan ganga da tataccen bas kamar aji ne da aka yi tsit. Makaɗan gargajiyarmu sun san haka tun da daɗewa: idan uban waƙa zai jefa magana mai nauyi, ƴan kalangu sukan sassauta hannu.

Amma kada wani ya kwafi dabarar New York ido rufe, domin akwai wani rami a gabanmu wanda su ba su da shi. An haɗa waɗancan waƙoƙi ne don manyan lasifikoki na mota da na gidan rawa. Mu kuwa a salula ake jin waƙa, ko a ɗan ƙaramin akwatin Bluetooth da ake ratayawa a babur ko a ajiye kusa da butar shayi a fada. Lasifikar salula kusan ba ta fitar da komai a can ƙasa inda bas ke zaune. Ka tace samfur a 150 Hz, a sitidiyo ya girgiza maka kujera, ka tura wa abokinka ta WhatsApp, shi ganga da murya kawai zai ji, tsakaninsu fayau. Maganin yana cikin halittar sautin kanta. Tsarkiyar da ke girgiza sau 55 ba ita kaɗai take fita ba, tana tafe da ƴaƴanta a 110, 165, 220, 275, 330, haka har sama. Ko an cire uwar, idan ƴaƴan na nan, ƙwaƙwalwa takan mayar da ita da kanta. Tsohuwar wayar tarho daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai take ɗauka, amma ba wanda ya taɓa kasa gane kaurin muryar babansa a cikinta. Saboda haka mai haɗa kiɗa a nan ya ɗaga iyakarsa sama kaɗan, ko ya bi tataccen bas ɗin da ɗan kaushi don ya haifar masa da sababbin ƴaƴa a inda salula ke iya kaiwa. Su Pete Rock kyauta suka sami wannan kaushi daga tsofaffin na'urorinsu. Kuma kafin ka saki waƙa, ka saurare ta a mafi arahar salular da ke gidanku.

Daga ina za a yanko? Ba na ganin hikima a ce yaron Tawa ya je yana tonon fayafayan jaz na Amurka waɗanda aka riga aka tone shekara talatin da suka wuce, alhali namu na nan ba a taɓa ba. Gaskiya ne yawancin kiɗanmu na gargajiya ba shi da jitar bas. Ka zura kuntigin Ɗan Maraya Jos a rariya, ba abin da zai rage maka sai shiru, don duk rayuwar kuntigi a sama take. Amma ka yi tunanin kalangu. Ganga ce da ake matse tsarkiyoyinta a hammata, muryarta ta hau ta sauka, har ta kwaikwayi magana. Ka sassauta gudunta ta yi kauri, ka tace ƙarar makaɗi daga sama, abin da zai rage tafiyar bas ce da ke bin karin Hausa, wadda babu wani a Brooklyn da zai iya samar da ita. Ga biram, kayan kiɗan masuntan Buduma na tafkin Cadi mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale, wanda marigayi Malam Mamman Barka ya je ya koyo don kada ya ɓace, shi ma kuwa malamin makaranta ne kafin kiɗa ya ɗauke shi. Ga ogan ɗin Mamman Sani, wanda ƙuruciyarmu ta sha ji a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri ba mu san ma sunan mai shi ba, har sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikinsa na 1978 a 2013. Ga kiɗan ƙwarya na mata, ga ƙungiyoyi irin su Mamar Kassey da Tal National masu makaɗan bas na gaske. Tambarin sarauta dai ni zan ce a bar shi inda yake, ba kowane abu mai kauri ne na ɗauka ba.

Wanda zai shiga tsofaffin kaset ɗinmu ya shirya wa wani baƙo. Da yawa an ɗauke su ne da makirfo ɗaya da ƙaramar rakoda, ƙasan sautin ba shi da ƙarfi, kuma wutar lantarkinmu tana barin wani gunji nata a 50 Hz. Rariya ba ta san bambancin wannan gunji da bas ba, za ta miƙo maka shi da hannu biyu, ga shi kuma yana zaune dab da wata murya ta jitar bas mai girgiza 49, sai ya yi ta faɗa da kiɗanka. Sai ka fara huda shi da siririyar matata ka cire, ka kuma share duk abin da ke ƙasa da 30, kafin ka fara aikin gaske.

Saura maganar da malamai ƴan uwana suka fi riƙewa, kuma a nan suna da gaskiya fiye da yadda samari ke so su yarda. Rariya tana ɓoye fuska. Idan ka cire murya da ƙaho, ka sassauta gudu, ko mai waƙar da kansa zai iya wucewa bai gane kayansa ba. A Amurka wannan ɓoyo ya ƙara daraja bayan watan Disamba na 1991, lokacin da wani alƙali a New York ya yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya yanki waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, aka janye faifansa daga kasuwa. Faifansa na gaba, a 1993, sai ya raɗa masa suna “All Samples Cleared!”, wato duk an biya. Daga nan masu kuɗi suka riƙa biya, marasa kuɗi suka ƙara ƙwarewa wajen daddatsawa da tacewa don kada a gane. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara tsanantawa, a shari'ar da ta taso kan sakan biyu na jitar ƙungiyar Funkadelic da N.W.A suka yi amfani da shi: ta ce komai ƙanƙantar guntu, ko da an sauya shi ba a gane shi, sai da izini. Wata kotun a 2016 ta saɓa mata a shari'ar waƙar “Vogue” ta Madonna. Har yau alƙalansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Ni ba hukuncin kotun Amurka ne ya dame ni ba, wanda ke cin kuɗin ne. Ku dubi waƙar “Can I Kick It?” ta A Tribe Called Quest. An gina ta a kan bas ɗin waƙar “Walk on the Wild Side” ta Lou Reed, ta 1972. Wanda ya kaɗa bas ɗin wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Herbie Flowers, kuma fam 17 aka biya shi ladan aikin ranar. Da ƴan rap suka ɗauka, aka nemi izini, Lou Reed ya bayar bisa sharaɗin kuɗin waƙar nasa ne, kuma Phife Dawg na ƙungiyar ya faɗa daga baya cewa ba su ga ko sisi daga waƙar ba. Wanda ya ƙirƙiro tafiyar bas ɗin bai samu ba, waɗanda suka sake raya ta ba su samu ba. Gregory Coleman, mai gangar ƙungiyar The Winstons, wanda aka yanki ƴan sakan na kiɗansa na 1969 aka saka a dubban waƙoƙi, ya rasu a 2006 ba shi da ko wurin kwana. Doka ta kare mai sunan da ke bangon faifai, ta manta da mai hannun. Idan haka ta faru a ƙasar da kowane faifai ke da takarda da lauya, me zai faru da ɗan kalangun da ya yi shekara ashirin a bayan wani babban mawaƙi, ba a taɓa rubuta sunansa ko'ina ba, jikokinsa na nan a wani ƙauye?

Saboda haka ba na karɓar hujjar “ai ba wanda zai gane”. Ɗalibin da ya kwafi aikin wani ya sauya kalmomi don kada malam ya gane ya fi wanda ya kwafa kai tsaye laifi a wurina, domin ya san abin da yake yi. Wanda kuma ya ɗauko maganar wani, ya faɗi mai ita, ya gina tasa a kai, shi muke ba maki mai kyau. Nijar tana da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma dokar 2010 ta haɗa har da kayan al'adun gargajiya cikin abin da take karewa. Abin da nake so in gani shi ne hanya mai sauƙi da araha wadda yaro mai sitidiyo a ɗaki ɗaya zai bi ya ce: na ɗauki sakan uku daga kaset kaza, ga abin da zan iya biya yanzu, ga kason da zan bayar idan waƙar ta kawo kuɗi. In an tsawwala kuɗin, ɓoyo za a koya musu, kamar yadda aka koya wa na Amurka. Haka kuma taskar gidan rediyon ƙasa, inda muryoyin makaɗanmu na shekaru aru-aru ke ajiye a zare, ta cancanci a juye ta a kwamfuta tare da sunan kowane makaɗi da aka iya ganowa, a buɗe wa matasa ita bisa sharaɗi.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ba ya bukatar sa hannun kowa. A faifan “The Low End Theory” na 1991, A Tribe Called Quest sun gayyato Ron Carter, makaɗin bas da ya yi shekaru tare da Miles Davis, ya kaɗa musu da hannunsa a waƙa ɗaya. Dattijon ya gindaya sharaɗin kada a yi ashar a waƙar, suka yarda, kuma kafin waƙar ta ƙare Q-Tip ya ambaci sunansa ya yi masa godiya a cikin waƙar kanta. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, mawaƙanmu sun saba kiran sunan makaɗansu da iyayen gidansu ana tsakiyar kiɗa. Kuma a ƙasar da waƙa ke yawo daga salula zuwa salula ba bango ba takarda, sunan fayil ɗin ma yakan sauya kafin ya kai mutum na uku, cikin waƙar ne kaɗai wurin da suna zai tsira. Mai rap ya ware sakan biyar a farko ko a ƙarshe ya ce bas ɗin nan daga kalangun wane ne, na garin kaza, a kaset kaza. Idan makaɗin na da rai, a neme shi kafin a saki waƙar. Idan ya rasu, a nemi gidansa, a je da goro da abin da ya sawwaƙa, a kunna musu su ji.